Faifan da Linval Ya Kankare wa Suna

Akwai wani dattijo a unguwarmu a Birmingham, sunansa Linval. Daga Kingston ta ƙasar Jamaika ya zo yana saurayi, kuma da hannunsa ya ƙera akwatunan lasifikarsa. In ya kunna kiɗa, a ƙirji kake jin rugugin kafin ya kai kunne.

A wancan zamanin, duk mai kayan kiɗa in faifai ya iso masa daga Jamaika, sai ya sa wuƙa ya kankare sunan waƙar, don kada abokan gasa su leƙa su sayo irinsa. Kowa na yi. Amma Linval ya wuce gona da iri, har 'yarsa Claudette yake ɓoye wa.

"Baba, wa ya rera wannan?"

"Ke da kiɗanku na yaran Ingila, mai kamar ana dukan kwano? Me za ki yi da shi?"

"Ai daga naku muka samo shi, Baba."

"To ki je ki samo sunan ma a can. Nawa suna nan," ya nuna kansa.

Ta tambaya har ta gaji ta daina.

Da tsufa ya zo, cutar mantuwa ta kama shi. Ana cikin haka matarsa Pearline ta rasu. Ta sha faɗa cewa ranar binne ta a sa mata waƙar da suka fara rawa da ita, ita da Linval. Shi kaɗai ya san faifan.

Claudette ta sauko da akwatuna, faifai kamar ƙasa, kowanne fuska a kankare.

"Baba, wanne ne na Mama?"

Ya daɗe yana kallonsu. "Yana nan. Na ajiye shi da kyau."

Ta yi ta sawa ɗaya bayan ɗaya. In ta sa wani ya gyaɗa kai, in ta sa wani ya yi murmushi, can kuma ya tambaye ta ko Pearline ta dawo daga kasuwa. Wallahi na je gidan ranar, kuma ban iya zama ba.

Aka binne Pearline ba waƙarta. Abin da ke cin Claudette har yau shi ne, wataƙila ta sa faifan a ranar da take neman sa, ya yi ta juyawa har ya ƙare, ba wanda ya gane shi.

Darasi: Abin da ka sani, ka koya wa naka tun kana iya tunawa. Ɓoyon da ka yi don abokin gasa, kada ya hana iyalinka. Ku tura wa wanda har yanzu yake riƙe komai a kansa.