Rijiyar Shiru

Gwamma ta rasa miji, ta rasa rumfarta ta kanwa, ta rasa daɗin salla. Abin da ta samu kuwa rijiya ce guda, da zuciyar da ta daina gardama. Masu ba da tarihi suna cewa ta ci riba. Ita dai ba a taɓa jin ta faɗi haka ba.

A zamanin da, tun dajin Gawon Maharba bai san gatari ba, aka yi wani maharbi wai shi Nomau, na gaban 'yan baka, mai hana ɓauna kiwo. Al'adarsa, in ya doso gida daga farauta, sai ya busa ƙaho tun daga nesa, matarsa Gwamma ta ɗora masa ruwan wanka. Ita kuwa 'yar kasuwa ce, Gwamma ƙi-tayi, mai sa dillali gumi. Ba a taɓa taya kayanta ta sallama a karon farko ba. Har da Ubangijinta haka take. Duk fitar da Nomau zai yi sai ta ɗauki azumi, ta raba waina sadaka, a ranta kuwa ciniki ta ƙulla: ga nawa, a dawo mini da nawa.

Wata bazara ɓauna ta soke shi. Abokan farautarsa suka ce raunin ba na kisa ba ne, ƙishirwa ce ta ƙarasa shi, don tafkunan dajin duk sun ƙafe. Suka binne shi a gindin wani gawo, suka kawo mata kwari da baka. Ƙahon kuwa ba a gan shi ba.

Ta yi takaba, ta fita, amma in ta ta da kabbara sai ta ji bakinta kamar ta tauna ƙaiƙayi. A ganinta ta biya, an hana ta kaya. Da damina ta ɗauke, sai ta rufe rumfa, ta saɓi dagi da kwando, ta shiga dajin ita kaɗai. Ta tsaya kusa da kabarin, ta ɗaga kai sama ta ce, “Nan Ka hana shi ruwa, nan zan haƙa rijiya. In na ba Ka ita, Ka gaya mini dalili.”

Ta kama haƙa.

Ran nan da la'asar, tana cikin rami, sai ta ji ƙaho daga gabas. Busar Nomau ce, har da 'yar karkarwar nan ta ƙarshe. Ta yar da dagi, ta fito, ta bi sautin cikin ƙaya da sabara har rana ta faɗi, ba ta ga kowa ba. Da ta komo, ta tarar yashi ya zubo ya cike abin da ta haƙa a wunin. Kashegari haka, wanshekare haka. Ko salla take yi, da ta ji busar sai ta katse ta ruga. Duk duniya ba ta da abokin hira sai wannan sauti. Tafkin da take ɗebo ruwa kuwa kullum ja da baya yake, har ya koma taɓo. In ya ƙafe ba ta cim ma ruwa ba, irin mutuwar mijinta za ta yi.

Ana nan sai ga wani tsoho mai yawon halwa, Malam Barmo, ya biyo ta wurin da sandarsa da buta. Ya leƙa ramin, ya saurari labarinta.

“Baiwar Allah, ruwa na nan ƙasa,” in ji shi. “Ke ce ba kya nan.”

“Malam, bar zagaye-zagaye. Me ake so in bayar?”

“Ƙahon nan da kike bi.”

“Albarka!” Ta miƙe tsaye. “A karɓi awakina da na bari a gari. A karɓi murjanin uwata.”

“Waɗannan tun tuni kin bar su.”

“To azumin sauran kwanana.”

Tsohon ya yi dariya. “Kin saba da yunwa, Gwamma. Ba a nan ciwon yake ba. Wanda kike nema yana magana, amma ba Ya ɗaga murya. Kunnenki kuwa a cike yake.”

“Dalilin fa? Za a gaya mini?”

“Ba na jin yana cikin cinikin.” Ya juye mata rabin ruwan butarsa a ƙwarya, ya kama hanya.

Ta daɗe tana ƙi. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta ƙara bin ƙahon har ƙafafunta suka tsage. Ranar da tafkin ya bushe ƙamas, ta sauka ramin, ta yi taimama da ƙasarsa, ta ta da la'asar. Ƙahon ya tashi, kusa ƙwarai, kamar mai shi na tsaye a bakin rami. Ya sake kira, ya sake. Ba ta waiwaya ba. Ta kai goshi ƙasa, ta bar shi ya yi ta kira har ya yi nisa, ya ɓace.

Shirun da ya biyo baya ya fi dajin faɗi. Ta zauna a cikinsa ba ta roƙi kome ba, ba ta tambayi kome ba, sai ta ga ashe ba ita kaɗai ce a ciki ba. Da ta ɗago, goshinta da danshi. Ƙasar ce ta jiƙe.

Maharba suka fara yada zango a wurin, makiyaya suka biyo, fatake suka kafa bukkoki, har gari ya zauna. Har yau a Rijiyar Shiru ba a magana in guga na cikin ruwa, ko sallama sai an ja an fito da shi. Maharbi kuma in ya hango gawon, sai ya cusa ƙahonsa cikin riga.

Gwamma ta tsufa a bakin rijiyar. Wata rana wani falke da ya ji labarin tsaurin cinikinta ya zolaye ta, ya ce, “Inna, wannan ruwa mai daɗi, a kan me kika saye shi?”

Ta jira ya fid da gugansa tukuna.

“Na taya da awaki, na taya da murjani, aka ƙi,” in ji ta. “Busar mijina na bayar. Ban sake jin ta ba, dalilin ma ba a gaya mini ba. A haka na sallama.”