Matar da Aka Kora Saboda Bokitin Ruwa Biyu

Akwai wani likitan haƙori da ya shekara tara yana kiwon kifin ado na ruwan daɗi a ɗakin jiran asibitinsa. Da bakinsa dai shi yake kiwon. Mai wanke tankin, mai zuba abinci, mai gane kifin da ba shi da lafiya tun kafin ya kife, wata dattijuwa ce mai sharar wurin, wadda kowa ke kira Iya.

Wata rana likita ya ce ya gaji da kifin talakawa, na teku yake so. Ya rabar da tsofaffin, ya sayo sabon tanki, da duwatsu, da fitila mai shuɗin haske, da kifaye huɗu, da murjani mai rai, wanda in ka gan shi za ka rantse fure ne. Ruwan ma haɗa shi ake yi, a auna gishiri a dama.

Ya tara ma'aikata ya ce wannan harkar ilimi ce, ba ta masu tsintsiya ba. Aikin Iya daga yau goge gilashi ne ta waje.

Bayan 'yan makonni ya tafi taro na kwana goma. Fitila da iskar ɗaki suka yi ta shanye ruwan, har famfon tankin ya fara zuƙar iska yana gurnani. Nas ɗin asibitin ta kira shi a waya sau uku bai ɗauka ba. Iya ta ga kifayen sun lafe a bayan dutse, ta kasa kau da kai. Ta roƙi nas tataccen ruwan da suke zubawa a injin dafa kayan aiki, ta riƙa tsiyaya shi kaɗan-kaɗan, bokiti biyu cikin kwana uku. Famfo ya yi shiru, kifaye suka fito.

Da likita ya dawo Iya da kanta ta gaya masa. Ɗakin jira cike yake da mutane, amma bai ko ja ta gefe ba. Ya tambaye ta da wane hankalin ta zuba ruwan daɗi a tankin gishiri.

Ta ce, "Likita, miya in ta ƙone a wuta ruwa ne ke tafiya, gishirin yana nan. Ruwa ake ƙarawa, ba gishiri ba."

Wani mai jiran a cire masa haƙori ya yi dariya. Dariyar nan ce ta ja mata. Likita ya ce ga farfesar tukunya ta zo koya masa kimiyya, ya nuna wani murjani da ya ɗan tsuke ya ce ita ta kashe shi, ya ce ta ajiye makullin sito ta kama gabanta. Matar da ta haife shi a shekaru! Shekara tara ba ta taɓa fasa masa ko kofi ba. Ta ninke tsummanta ta ajiye, ta fita.

Daga nan ya karɓi aikin da kansa. Duk sanda ruwa ya ragu sai ya dama na gishiri ya cika. Cikin wata guda murjanin ya koɗe ya zama fari fat, kifaye uku suka mutu, ɗakin ya ɗauki ƙarni. Ya kira mai sayar da kifin yana faɗa wai an sayar masa da marasa lafiya.

Mutumin ya zo, ya ɗiga ruwan a na'urar awo, ya duba, ya sake dubawa. Ya tambayi abin da ake ƙarawa in ruwa ya ragu. Da ya ji amsa sai ya ce ai gishiri ba ya tashi sama, jiƙa dabbobin aka yi ta yi a gishiri har suka mutu. Nas tana tsaye tana jera fayil, ba ta ko ɗago ba, ta ce ai haka Iya ta faɗa.

Kun san abin da ya yi? Nas ya aika ta ce wa Iya ta dawo aiki, ya yafe mata. Shi ne ma mai yafewa!

Iya ta ce a gaya masa ta samu aiki a wata makaranta, kuma ba ta san laifin da aka yafe mata ba. Nas ta kawo saƙon, ta ɗora takardar ajiye aikinta a kai, ta ce ba za ta jira ranar da za a yi mata irin wannan a gaban jama'a ba.

Sai a lokacin ya nemi gidan Iya ya je da ƙafarsa. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Na yafe, ɗana. Amma a gaban mutum ashirin ka kira ni mai kisa, ga shi haƙurin ka kawo shi inda babu kowa."

Ta tambaye shi ko ɗayan kifin yana raye. Ya ce yana nan. Ta ce to ya mayar wa mai kifin tun yana numfashi. Ya mayar.

Darasi: Gaskiya ba ta duba takardar makarantar wanda ya faɗe ta. Kafin ka wulaƙanta na ƙasa da kai don ya gyara maka kuskure, tsaya ka bincika, domin mutuncin da ka zubar a bainar jama'a ba ya dawowa da haƙurin ɓoye. Ku tura wa duk wanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa.