Muryar Ɗan Inna Lantana

Ku matso ku raba mini wannan gardama, don ni ta fi ƙarfina.

Inna Lantana ɗa ɗaya Allah ya ba ta, Hamisu direba, kuma hanya ta cinye shi. Ko hotonsa ba ta da shi. Amma ya taɓa bugo waya wani ƙaramin gidan rediyo ya gaishe ta. Sai ta je ta roƙi a sake jiyar da ita muryarsa. Aka ce mata tsawa ta ƙone na'urar ajiya. Wallahi na tausaya wa tsohuwar nan.

To, shekara biyar kafin nan, Zuwaira injiniya ce ta tsara ajiyar. Ta raba kowace murya biyu, rabi a na'ura ta farko, rabi a ta biyu, ta uku kuwa lissafin haɗinsu kawai take riƙewa. Kamar uku da huɗu ne su ba da bakwai: in ukun ta ɓace, bakwai da huɗu za su dawo da ita. An yi ta yi mata dariya, wai ta sayo na'urar da ba ta magana.

Bayan ta bar aiki, sabon manajan gidan rediyon ya buɗe na'ura ta ukun, ya ga ba abin da ke kunnuwa. Ya ce wa Ilu mai kula da na'urori ya goge wannan shara. Ilu bai san amfaninta ba, amma ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ban gane ba ba na gogewa." Taurin kan nan ya ja masa kora, ga shi da 'ya'ya huɗu, amma na'urar ta tsira ba a goge ta ba.

Sagir ne ya gaje shi. Da tsawar nan ta faɗo, na'ura ta farko ce ta ƙone, kowa ya fid da rai. Shi kuwa ya yi kwana tara yana haɗa ragowar biyun, har muryar ta fito: "Ina gaida mahaifiyata Lantana, a ce mata ina nan tafe ranar Juma'a."

Tsohuwa ta yi kuka har ta gaji. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta ciro hular Hamisu, abin da ya rage mata nasa ke nan. Ta ce, "'Ya'yana, ku ba wanda ya dawo mini da shi."

Hula ɗaya ce, ba ta rabuwa. To, Zuwaira, Ilu ko Sagir, wa za a miƙa wa?