Shamuwa da Tauraron da Bai Fito Ba

Ina neman afuwar yara masu karatu, domin sai da furfura ta fito mini na koyi riƙe alƙalami.

An yi wata Shamuwa mai girman kai da wata Tsattsewa mai yawan tambaya. Da rani suka yi cirani can ƙasashen kudu masu nisa. Da damina ta kusa, hankalin Shamuwa ya koma kan sheƙarta da ke bisa tsamiyar garinsu, domin idan ta makara wani zai shige.

Daren tafiya ta ɗaga kai tana neman tauraron arewa, wanda ba ya motsi. Ba ta gan shi ba.

Wani tsohon Kunkuru, ɗan ƙasar, ya ce, "Baƙuwa, wuyanki zai ƙage. Tauraron nan ba ya fitowa a nan."

"Kai da ko kan suri ba ka taɓa hawa ba, kai za ka koya mini sama?"

Tsattsewa ta ce, "Baba, ni dai koya mini."

"Matso daga hasken wutar makiyaya, 'yata. Zauna har idonki ya saba da duhu. Kin ga taurari huɗun can da suka gicciye, ga wasu biyu masu haske a gefensu?"

"Na ga dubu, Baba!"

"Kada ki yi gaggawa. Sake dubawa."

Can ta yi tsalle. "Ga su!"

"To, bi doguwar ƙafar gicciyen da ido, ki ninka tsawonta sau huɗu da rabi. Za ki isa inda babu tauraro mai haske. Ƙasan wurin shi ne kudu. Juya masa wutsiya, bakinki na kallon gida."

Shamuwa ta tuntsire da dariya. "Jagoran da ba a gani! Ga nawa can, ya fi kowa haske." Ta tashi ta bi shi.

Tauraron kuwa mai tafiya ne. Ya ja ta yamma, ya faɗi, ya bar ta bisa teku, ba reshen sauka. Sai bayan kwana uku ta dawo, fikafikai na ja da ƙasa.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, huɗun nan, ina suke?"

Kunkuru bai yi mata gori ba. Ya ce, "Sha ruwa tukuna."

Da ta isa gida, ruwan fari ya riga ya sauka, Hankaka kuma ya yi ƙwai a sheƙarta. Sai ga Tsattsewa da tsinke a baki: "Yaya, na ga wata kanya bayan gari. Zo mu fara."

Darasin wannan labari shi ne, ilimin da ya kai ka wani wuri ba lalle ne ya dawo da kai ba. Idan ka baƙunci ƙasa, tambayi mutanenta, kome ƙanƙantarsu a idonka. Ni ma kunyar tambaya ce ta jinkirta karatuna. Duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan, don Allah ya gyara mini.