Sunan Jikan Sarkin Ruwa

Ku matso. Maganar gajera ce, ku za ku yanke ta.

Sarkin Ruwa Barmo shi ke riƙe da masuntan wani tsibiri a ƙasan dam. Waya ba ta kamawa can. In za a saki ruwa, rediyo ce kaɗai ke gaya musu. Tashar rediyon tana da dogayen turakun ƙarfe da aka jera don su tura murya wajen kogi. Wata shekara, damina ta kankama, murya ta ɓace. Barmo ya murɗa akwatin rediyonsa, sai shuu. Ya haye kogi, ya shiga mota har tashar rediyon.

"Sarki, ai kullum muna watsawa," in ji manaja.

"To, aljanu kuke wa," in ji Barmo. "Gyara, kafin ruwa ya ci mu."

Aka ba mutum uku aikin.

Tanimu ya ɗauki na'urar awon ƙarfin murya, ya bi ƙauyuka a babur da kwalekwale. Zazzaɓi ya kama shi, bai juyo ba sai da ya gama awo.

Injiniya Hashimu ya zuba awon a kwamfuta, ya zana turakun da duk abin da ke kewaye da su. Nan ya ga sabon tankin ruwa na ƙarfe ne ke karkatar da murya. Tanki ba ya rusuwa, gari na sha. Ya yi ta gwaji cikin kwamfuta har ya gano wutar da za a ba kowane turke don murya ta koma wajen kogi. Da a ce da lalube za a yi, sai a kai rani.

Gambo ya shiga gindin turakun ya saita su yadda aka ce. Ba a saitawa sai da wuta a kunne. Ta ƙone masa hannu, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa.

Murya ta dawo. Da sanarwar sakin ruwa ta zo, Barmo ya kwashe mutanensa zuwa tudu. Ruwa ya share bukkoki, ba a rasa ko akuya ba.

A tudun nan matar ɗansa ta haifi namiji. Barmo ya rantse yaron zai ci sunan wanda ya cece su. Ranar suna ta zo, rago a ɗaure, su ukun na zaune a tabarma. Liman ya sunkuyo.

"Sarki, wane suna?"

Barmo ya dubi su ukun ɗaya bayan ɗaya.

To, ku faɗa: Tanimu, Hashimu ko Gambo, sunan wa za a raɗa wa yaron?