Tafkin da Murfinsa Ya Narke

An yi wani tafki can ƙarshen arewacin duniya, inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba. Ƙanƙara ce murfinsa. Tun zamanin kakannin kakanni murfin ba ya buɗewa sai ɗan lokaci a shekara, ruwan kuwa garau, haske na sauka har gindinsa kamar zaren azurfa.

A ciki akwai Kifi mai haɗama da Tsutsa mai haƙuri, wadda ke kwance cikin laka. Akwai kuma Agwagwa mai surutu, baƙuwa daga fadamun Haɗeja, da kan zo duk sa'ad da murfin ya buɗe.

Sannu a hankali murfin ya fara buɗewa da wuri, yana rufewa a makare. Ruwa ya yi ɗumi, gansakuka ta tsiro, ƙwari suka yawaita. Kifi ya lura cewa inda Agwagwa ta yi kashi, nan abinci ya fi yawa.

Ya ce mata, "Baƙuwa, baɗi ki zo mini da danginki kaf."

"Kaf? Malam Kifi, mu fa in mun sauka ba ma tambayar makewayi."

"Abin da nake so ke nan."

Tsutsa ta ɗago kai ta ce, "Yaya Kifi, lakar da kakannina suka kwanta a kai fara ce. Wadda ke zubo mini yanzu baƙa ce, tana wari. Ka bar tafkin nan ya huta."

"Ke da ko ido ba ki da shi, ina kika san fari da baƙi?"

Da shekara ta kewayo, agwagi suka sauka kamar hadari. Tafki ya koma kore shar, sai ka ce miyar kuka. Kifi ya ci, ya ci, har juyawa ta zame masa aiki.

Sanyi ya dawo, baƙi suka tashi, murfi ya rufe. Gansakuka ta mutu, ta nitse, ta ruɓe, ta shanye iskar da ke cikin ruwa. Wuri ɗaya ya rage mai numfashi, wani siririn tsagi tsakanin duwatsu inda ruwan sanyi ke ɓuɓɓugowa. Kifi ya tura kai, cikinsa ya ƙi shiga.

"Ƙanwata, turo ni ta baya."

Tsutsa ta tura iya ƙarfinta. Ko motsi bai yi ba.

Da Agwagwa ta dawo, ta yi ta kewaya tafkin tana sallama. Tsutsa kaɗai ta amsa.

Darasin wannan labari shi ne, yara, ba kowace yalwa ce alheri ba. In wuri ya fara ba ku fiye da abin da ya saba, ku tambayi dalili kafin ku buɗe baki. Amma kada ku rubuta cewa Kifi ne ya narkar da murfin, don wannan kuskure ne. Hayaƙin mutane ne ya ɗumama duniya. Kifi ya biya nasa laifin. Saura waɗanda suka hura wutar, kuma wajibi ne su zo su gyara.