Koren Zare a Gwiwar Hagu

Safiyar Lahadi, 17 ga Fabrairu, 2019, gari ya waye tas a kwarinmu da ke tsakiyar Norway. Dusar ƙanƙarar da ta kwana tana zuba ta tsaya. Babu iska, sai sanyin nan mai daskarar da gashin hanci.

Akwai wata dattijuwa a ƙauyen, sunanta Gunvor. Ranar ce ta fara ɗaura katakan zamiya a ƙafarta, irin waɗanda ake zamewa da su a kan dusar ƙanƙara, tun bayan rasuwar mijinta, Torleif. Ba don ranta ya so ba. Maƙwabciyarta Aslaug ce ta zo ta tsaya mata a bakin ƙofa.

"Ki fito, Gunvor. Kin zauna a kujerar nan har kun fara kama."

"Gwiwoyina ba za su iya ba."

"Gwiwoyinki lafiyarsu ƙalau. Bakinki ne ke ciwo. Ɗauko sandunanki."

Kafin mu bi su kan hanya, sai na gaya muku abin da ke cin Gunvor a rai.

Torleif yana da wani wando na ulu, ruwan toka, mai kauri, irin na da. Wandon gwiwa muke ce masa, domin yana tsayawa ne ƙasan gwiwa a ɗaure shi, dogayen safa su rufe sauran ƙafar. Mahaifiyarsu ce ta saƙa yadin da gashin tumakin gonarsu, ta ɗinka wa mahaifinsu. Da tsohon ya rasu, wandon ya koma hannun Torleif, shi ne babba.

Ƙaninsa Eilif bai taɓa ɓoye cewa yana son wandon ba. Duk zuwan da zai yi daga garin Narvik, can arewa, sai ya dafa cikin yayansa ya ce, "Ka ci gaba da cin wainar Gunvor. Ranar da tumbin nan ya fi ƙarfin wandon, ina nan ina jira."

Kowa ya yi dariya, har ita.

Torleif ya rasu da kaka, ciwon zuciya. Ranar jana'iza gida ya cika, kujeru suka kasa, Gunvor ta aiki Eilif ɗakin ajiya ya ƙaro wasu. Ta lura ya daɗe a can. Washegari da safe ta buɗe akwatin kayan sanyi, tana so ta ji ƙamshin mijinta. Rigar ulu tana nan, hula tana nan, safa suna nan. Wando babu.

Ba ta kira shi gefe ba. A kan tebur ta faɗa, 'yan'uwa suna zaune ana karin kumallo.

"Eilif, da ka bari furannin kabarinsa sun bushe tukuna."

Ya dube ta. "Me kike nufi, matar yaya?"

"Ka sani. Kai kaɗai ka shiga ɗakin nan jiya."

Bai yi musu ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya miƙe, ya ce, "Na gode da abinci," kamar yadda kowa ke faɗa in ya tashi daga tebur. Ya ɗauki jakarsa ya tafi tashar jirgi a ƙafa.

A wurin Gunvor, shirun nan shi ne shaida. Da Kirsimeti ya aiko mata kati, ta jefa a murhu ba ta buɗe ba. Kirsimeti na gaba babu abin da ya zo. Ba su da 'ya'ya ita da Torleif, kuma Eilif ne kaɗai ya rage daga gidansu.

To, mu koma safiyar Lahadi.

Suna cikin hawan tudun da ke bayan coci, Aslaug a gaba tana haki, sai wani mutum ya zo wucewa ta gefensu. Ɗan shekara arba'in da wani abu, baƙo ne, ba ɗan ƙauyen ba.

"Sannunku," ya ce, ya wuce.

Masu shekarunsa yanzu matsattsen wandon roba suke sawa, mai sheƙi. Wannan kuwa wandon gwiwa ne a jikinsa, ruwan toka. Wannan kaɗai ba komai ba ne, rabin tsofaffin kwarin suna da irinsa. Amma da ya tanƙwara ƙafa zai tura gaba, Gunvor ta ga wani ɗan faci a gwiwar hagu, da koren zare.

Ita ta yi ɗinkin nan da hannunta. Wayar shinge ce ta yage wandon wata shekara, ba ta da zare ruwan toka, ta yi amfani da ragowar koren da ta saƙa riga. Torleif ya yi mako guda yana mita, wai ta mayar da shi kwaɗo.

"Aslaug," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ya sayar."

"Wa ya sayar da me?"

"Eilif. Bai ma sa ba. Ya kai shagon gwanjo ya sayar da wandon ubansa."

Matar da ta ce gwiwoyinta ba za su iya ba, sai ga ta ta wuce Aslaug kamar an koro ta. Ba ta ɗauke ido daga bayan mutumin ba har suka isa bukkar hutawa da ke saman tudu, inda ake sayar da kofi da waina.

Ya zauna kusa da murhu yana ɓare lemo. Gunvor ta zauna daidai gabansa, alhali ga kujeru nan babu kowa. Mu nan ba a yin haka. Mutumin ya ɗan gyara zama.

"Bawan Allah, a ina ka sayi wandon nan?"

Ta zaci zai daburce. Sai ta ga fuskarsa ta washe.

"Kin san shi? Don Allah ki ce kin san shi!"

"Ni na fara tambaya."

"Ban saya ba. Aro ne. Sunana Sindre, direban bas ne ni a birni. Mai wandon nake nema."

Gunvor ta dubi Aslaug, wadda ta iso tana share gumi. Kallon yana nufin, ji wata sabuwa.

Sindre ya ba su labari. Ƙarshen lokacin sanyi ne, shekara biyu da suka wuce, ranar aiki, babu kowa a hanya. Ya yanke ta kan daskararren tafkin da ke bayan tudu. Ashe ruwa ya taru a ƙarƙashin dusar. Ya nutse har ƙugu. Ya samu ya fito, amma siririn wandon robarsa ya manne a jiki ya fara daskarewa, ga mota tana can nesa. Ƙafafunsa suka daina jin komai.

"Sai ga wani tsoho. Bai tambaye ni komai ba. Ya ja ni bayan wani dutse, ya ce in tuɓe. Ya cire wandonsa ya ba ni, ya ciro busassun safa daga jaka. Ya ce ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, wannan ledar da na sa kuwa ta zuba shara ce. Shi ya tafi gida da dogon wandon ciki."

"Ƙarya ne," in ji Gunvor.

Aslaug ta taɓa ta. "Haba, Gunvor."

"Ƙarya ne, na ce. Mai wandon nan likita ya hana shi zamiya tun farkon sanyin shekarar. Ni da kaina na kulle katakansa a saman rufi, makullin yana wuyana. Gaya mini gaskiya, Eilif ne ya turo ka? Nawa ya ba ka ka haddace wannan?"

"Wane ne Eilif?"

"In gaskiya kake faɗa, me ya hana ka mayar? Shekara biyu!"

"Ya ƙi gaya mini sunansa. Na tambaya a kantin ƙauye, na ce ina neman wani tsoho mai wandon gwiwa ruwan toka. Mai kanti ya yi dariya, ya ce in je coci ranar Lahadi in zaɓi wanda na ga dama. Kuma ban iya faɗin abin da ya faru ba, don ya sa na yi alkawari. Cewa ya yi, 'Ka riƙa sa shi a kan hanyar nan. Ranar da na gan shi, zan gane abina.' Shi ya sa duk ranar da na samu hutu nake zuwa da shi."

Gunvor ta harɗe hannuwa. Labari ne mai kyau, amma kowa zai iya tsara labari.

"Alkawarin me?"

Sindre ya sosa ƙeya. "Ya ce kada maganar ta shiga ƙauye. Wai in Hukuma ta ji ya fito, kashinsa ya bushe."

Aslaug ta ajiye kofinta. Mutum ɗaya ne a duniya yake kiran Gunvor da Hukuma, shi ma sai a cikin gida, ko in yana tsegumi da Aslaug ta kan shinge.

"Kuma akwai abin da ya ba ni dariya, duk da halin da nake ciki," Sindre ya ci gaba. "Dogon mutum ne sosai, amma katakan da ke ƙafarsa gajeru ne, na mata, masu jan baki."

Gunvor ta juya a hankali ta dubi taga. A waje, cikin jerin katakan da aka kafa a dusa, nata suna tsaye, gajeru, da jan baki.

Sai abubuwa suka fara dawo mata. Ranar da ta je birni wurin likitan haƙori, ta dawo ta tarar da shi a gado da rana tsaka, an tula barguna, wai ya gaji da faskare. Dogon wandon cikinsa a rataye kusa da murhu yana ɗiga. Katakanta kuma an goge su da sabon kakin da ke sa su santsi, har ta yi masa godiya. Shekarar ce kuma ya dage shi zai shirya kayan sanyi a akwati da kansa, mutumin da bai taɓa ninke ko hankici ba.

Ta kulle nasa, ya ɗauki nata.

"Yana nan lafiya?" Sindre ya tambaya.

Aslaug ce ta amsa. "Ya rasu, ɗana. Da kakar shekarar. Wannan ita ce Hukumar."

Sindre ya buɗe jakarsa ya ciro wani wando. Ya ce kullum da shi yake tafiya, saboda ranar da zai haɗu da tsohon. Ya shiga ɗakin baya ya canja, ya dawo da wandon Torleif a ninke, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ban taɓa sa shi a injin wanki ba. Ya ce in shanya shi a iska kawai."

Gunvor ta ɗora yatsa a kan koren zaren. Ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Abin da ta ce kawai shi ne, "Na ce maka maƙaryaci. Ka yi haƙuri."

A hanyar gangarowa, da suka kusa coci, Gunvor ta juya ga Aslaug.

"Me ya sa Eilif ya daɗe a ɗakin ajiya, to?"

"Gunvor," in ji Aslaug, "ranar ya binne yayansa. A ina kike so ya yi kukansa, a gaban baƙi?"

Rubuta wa Eilif wasiƙa ya ba ta wuya. Eilif ba mai ɗaukar waya ba ne, kuma ta san muryarta ba za ta kai ƙarshen maganar ba. Ta farko da ta rubuta, laifin Torleif ta cika ta da shi. Ta biyu, bayani ne kan yadda kowa a matsayinta zai yi zargi. Aslaug ta karanta ta miƙo mata.

"Wannan takardar lauya ce. Ina wurin da kika ce kin yi laifi?"

Kafin ta sake ɗaukar alƙalami, sai da ta kira duk waɗanda ke zaune a teburin nan ranar, ɗaya bayan ɗaya. A gabansu ta ɓata shi, don haka su ma sai sun ji daga bakinta.

Wasiƙar ƙarshe gajeriya ce:

"Eilif, ba kai ka ɗauka ba. Na zalunce ka a gaban mutane, na ƙona katinka ban karanta ba. Ka yafe mini. Yadda wandon ya yi tafiya labari ne da sai an zauna, kuma zai ba ka dariya. Tumbin yayanka bai kai ga fin ƙarfinsa ba, amma yanzu naka ne. Katakansa suna saman rufi, na buɗe. Dusa tana da kyau bana."

Ƙunshin wandon da wasiƙar ya yi kwanaki a kan tebur. Ta ɗauka, ta ajiye. Tana tsoron a dawo mata da shi ba a buɗe ba, kuma ta san in an yi haka ba a zalunce ta ba.

Ranar Juma'a ta ɗaura katakanta masu jan baki, ta sa ƙunshin a jakar baya, ta gangara kanti. Mai kanti ya auna, ya manna tambari, ya karanta adireshin.

"Narvik? An daɗe ba a aika komai can daga gidanki ba."

"An daɗe," ta ce.

Ta tsaya har sai da ta ga ya jefa shi cikin buhun wasiƙu, sannan ta juya.

Darasi: Zargi ba ya rasa hujja. In ka riga ka yanke hukunci, daɗewar mutum a ɗaki shaida ce, shirunsa ma shaida ne. Kafin ka kira ɗan'uwanka ɓarawo, ka ja shi gefe ka tambaye shi. In kuwa ka riga ka ɓata shi a gaban mutane, to ka wanke shi a gabansu, kuma kada ka jira wata shekara. Ku tura wannan labari ga wasu, wataƙila akwai mai wasiƙar da ta daɗe a kan tebur.